WA KE RIƘE DA MUDUN KASUWAR DUNIYA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar a gaban taron 'yan kasuwa da masu sana'a 'yan Arewa mazauna Agege da kewayenta, a kan dokokin cinikin duniya da dalilan da suka sa ake neman a yi musu gyara.

 

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san abubuwa uku ne ke riƙe da ita. Na farko mudu, watau ma'auni guda wanda za a auna wa mai saye da mai sayarwa da shi ba tare da bambanci ba. Na biyu dattawan kasuwa, waɗanda ke zama su tsara doka da yardar jama'a. Na uku kuwa mai raba gardama, wanda in ya yanke hukunci babba da yaro za su bi. To, ita ma duniya kasuwa ce, tana da nata mudun, da nata dattawan, da tata kotun. Abin da wannan jawabi zai nuna shi ne dukan ukun nan sun sami tangarɗa, kuma tangarɗar tasu tana isowa har rumfar mai goro a Zangon Agege, da mai albasa a Mile 12, da mai shanu a Oko-Oba.

AGEGE DA CINIKIN DUNIYA

Bahaushe ba baƙon fatauci ba ne. Tun kafin Bature ya iso, ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina su yi wata da watanni a hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata kasuwar Salaga, su komo da goro. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, da fataucin goro ya fara, har ya riƙa ɗauko shi ta jirgin ruwa daga ƙasar da a yau ake kira Gana zuwa Ikko, kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, kuma manoman wannan yanki suka dukufa ga shuka goro, sai Agege ta zama matattara inda ake ɗaure huhu a loda shi zuwa Arewa. Ciniki ne ya kafa wannan zango, shi ne kuma ke ciyar da shi har gobe.

Amma tun a wancan zamani dokokin babbar kasuwa a wani wuri ake rubuta su. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka zauna suka tsara yadda jiragensu za su yi zirga-zirga a kogin Kwara da kogin Kwango, alhali kuwa babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Cikin 1886 Ingila ta ba Kamfanin Neja izinin mulki da ciniki a bakin Kwara. Aka mai da ƙasa wurin ɗibar gyaɗa da auduga da fata da kuza, ana kawo mata atamfa da kayan ƙarau. Wannan tsari shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi a yau.

YADDA AKA KAFA DOKOKIN

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1947, ƙasashe 23 suka sa hannu a birnin Janeba kan wata yarjejeniya ta rage kuɗin fito wadda ake kira GATT. Daga nahiyar Afirka ƙasashe biyu kaɗai ke ciki, watau Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu, kuma dukansu biyu tsirarun fararen fata ke mulkinsu. Nijeriya ta shiga cikin 1960, ta tarar an riga an gama shimfiɗa tabarma.

Ƙasashe masu tasowa ba su yi shiru ba. Cikin 1964 suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar ciniki da raya ƙasa ta UNCTAD, a nan ne kuma aka haifi rukunin ƙasashe 77. Cikin 1974, bisa kiran Shugaba Boumediene na Aljeriya, babban zauren Majalisar ya amince da ƙudurin kafa sabon tsarin tattalin arzikin duniya. A nan Ikko aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ran 28 ga watan Mayu, 1975, a nan kuma shugabannin Afirka suka zartar da Shirin Ikko na dogaro da kai cikin 1980. Sai dai bashi ya karya wannan yunƙuri. Cikin 1986 Nijeriya ta shiga shirin SAP, aka karya darajar Naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka sassauta shigo da kaya.

Ran 1 ga watan Janairu, 1995, aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, watau WTO, bayan shawarwarin shekara takwas da aka kammala a Marakish ta ƙasar Maroko. Ya zuwa 2024 ƙasashe da yankuna 166 ne a cikinta. Gaskiya ita ce an gina ta bisa ginshiƙai masu kyau. Akwai ƙa'idar cewa sauƙin da ƙasa ta yi wa ɗaya dole ta yi wa kowa. Akwai ƙa'idar cewa kowace ƙasa za ta rubuta iyakar kuɗin fiton da za ta karɓa, ba za ta wuce shi ba don ta ga dama. Sa'an nan akwai kotu. Ƙaramar ƙasa ta fi kowa bukatar irin wannan doka, gama inda babu doka mai ƙarfi ne ke cin kasuwarsa. Saboda haka masu neman gyara ba rushe ƙungiyar suke nema ba.

MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

Matsala ta farko tana wajen noma. Dokar ƙungiyar ta yarda ƙasa mai tasowa ta tallafa wa manomanta da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na darajar amfanin gonar ba, mai arziki kuma kashi 5. In aka tsaya a nan sai a ce an yi wa talaka gata. Amma ƙasashen da suka riga suka saba zuba wa manomansu maƙudan kuɗi kafin 1995 an bar musu wani ƙarin kaso na musamman. Amurka kaɗai an yarje mata dala miliyan 19,100 a kowace shekara. Yawancin ƙasashen Afirka kuwa, da yake ba su da abin bayarwa a lokacin, sai aka rubuta musu sifiri. Watau wanda ya riga ya yi laifin an ba shi lasisin ci gaba, wanda bai yi ba an hana shi farawa.

Auduga ita ce babbar shaida. A farkon shekarun 2000 Amurka tana ba manoman auduga kimanin 25,000 tallafin da ya haura dala miliyan 3,000 a shekara. Suka noma fiye da bukata, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya, miliyoyin manoma a Afirka ta Yamma suka tafka hasara. Cikin 2003 ƙasashe huɗu, Binin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kukansu Janeba, kuma wannan batu na cikin abubuwan da suka wargaza taron Kankun na ƙasar Meziko a watan Satumba na shekarar. A taron Hongkong na 2005 aka yi alkawarin magance shi da gaggawa. Sai a taron Nairobi na 2015 aka amince da soke tallafin fitar da amfanin gona waje, amma tallafin cikin gida, wanda shi ne uwar matsalar, ba a taɓa shi ba.

Birazil ce ta kai Amurka ƙara kan auduga cikin 2002, ta kuwa yi nasara. Me ya biyo baya? Cikin 2010 Amurka ta yarda ta riƙa biyan Birazil dala miliyan 147 a shekara, cikin 2014 kuma ta ba ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Binin da Chadi, waɗanda suka tsaya a shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, ko kwabo ba su samu ba. Manomin Funtua da na Gusau da na Gwambe shi ma a wannan kasuwa ake yanka wa audugarsa farashi.

Haka nan batun rumbun gwamnati. Idan gwamnati ta sayi hatsi daga manoma a kan tsayayyen farashi don ajiya saboda shekarar fari, dokar tana lissafa wannan a matsayin tallafi, kuma da farashin 1986 zuwa 1988 ake auna shi. Duk wanda ya tuna kuɗin buhun gero a wancan lokaci ya san wannan ma'auni ya daɗe da mutuwa. Indiya ta yi tsayin daka har aka sami sassauci na wucin gadi a taron Bali na 2013, amma har aka tashi daga taron Abu Dabi na 2024 ba a sami maslaha ta dindindin ba.

MASAƘUN DA SUKA YI SHIRU

A cikin wannan taro ba a rasa mutanen da suka taɓa karɓar albashi a Kakuri. Masaƙar KTL ta Kaduna an buɗe ta cikin 1957, ta UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, aka kuma kafa wasu a Kano da Funtua da Gusau, da nan Ikeja da Isolo. A shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura 100, kuma babu wata sana'ar masana'antu da ta fi su ɗaukar ma'aikata. KTL ta tsaya cikin 2002, UNTL cikin 2007. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa aiki, ko 'ya'yansu, su ne suka gangaro Kudu suna gadi da dako da acaɓa.

Abin lura a nan shi ne yadda manyan ƙasashe suka bi da tasu masaƙar. Daga 1974 har ƙarshen 2004 Turai da Amurka sun ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa za su shigar musu, don kare ma'aikatansu. Ko da aka kafa WTO sai da suka ɗebar wa kansu shekara 10 kafin su janye wannan shinge. Su sun sami shekara 30 suna shiri. Ƙasashen Afirka kuwa masu ba da bashi sun tilasta musu buɗe ƙofa cikin 'yan shekaru. Da ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a watan Disamba na 2001, sai atamfa mai araha ta malalo, ta halal da ta fasa-ƙwauri, har ta cika Kantin Kwari da Balogun.

A SAYAR DA ƊANYE, A SAYO GYARARRE

Matsala ta uku ita ce yadda ake jera kuɗin fito hawa-hawa. Ɗanyen kaya yakan shiga kyauta, amma da zarar an sarrafa shi sai haraji ya hau kansa. Ɗanyen koko na shiga Turai ba fito. Amma tun daga 2008, saboda Nijeriya ta ƙi sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar da za ta buɗe kasuwarta ga kayan Turai, man koko da aka tace a nan ya riƙa biyan fito, alhali na Gana da na Kodebuwa na shiga kyauta. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya tun zamanin ayarin Sahara, amma babbar riba tana wajen wanda ya ɗinka takalmi da jaka, ba wajen majemin Kano ba.

Idan kuma ƙasa ta ce za ta hana fitar da ɗanyen kayanta don a sarrafa shi a gida, sai a ce ta karya doka. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, Tarayyar Turai ta kai ta ƙara, cikin 2022 aka yanke hukuncin ba ta da gaskiya. Ita ma Nijeriya a watan Agusta na 2025 ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don masu tatsar man kaɗe na gida su samu. To, alhali kuwa Ingila da Amurka da Jamus da Japan duk da kariya suka raini masana'antunsu lokacin da suke jarirai.

KOTUN DA AKA GARƘAME

Matsala ta huɗu ta fi sauran muni. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar tana da kujerun alƙalai bakwai, kuma sai da uku take zama. Amurka, wadda ke ƙorafin cewa alƙalan suna wuce gona da iri, ta ƙi yarda a naɗa sababbi, har ya zamana a watan Disamba na 2019 saura alƙali ɗaya, kotu ta tsaya cik. Daga nan ƙasar da aka kayar a ƙaramar kotu tana iya cewa ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, shi ke nan magana ta mutu. Amurka ta yi haka, Indiya ta yi, Indunusiya ma ta yi a shari'ar nikel.

Da ma can kotun ta fi ƙarfin talaka. A cikin shekara 25 na farko an shigar da ƙararraki kusan 600, amma waɗanda ƙasashen Afirka suka shigar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, saboda tsadar lauyoyi, da kuma cewa ladan wanda ya ci shari'a shi ne izinin ramawa da ƙarin fito. Ina ramuwar da Chadi za ta yi wa Amurka har ta ji a jikinta?

Da kotu ta rufe sai kowa ya ɗauki sandarsa. A watan Afrilu na 2025 Shugaba Trump ya shelanta sabon haraji a kan kayan kusan dukan ƙasashen duniya, ya sa wa Nijeriya kashi 14 cikin 100, ƙaramar ƙasar Lesoto kuwa kashi 50 kafin daga baya a rage. Ƙa'idar nan ta a yi wa kowa daidai aka take ta da rana tsaka.

SU WA KE ZAMA A ZAURE?

A takarda kowace ƙasa tana da murya ɗaya, kuma bisa al'ada ba a zartar da shawara sai da yardar kowa. A aikace kuwa manyan ƙasashe kan keɓe da 'yan ƙalilan a wani ɗaki da ake yi wa laƙabi da Koren Ɗaki, su gama magana, sa'an nan a kawo wa sauran. Wannan na cikin abin da ya fusata wakilan Afirka a taron Siyatil na 1999 har aka watse ba a cim ma kome ba. Zagayen shawarwarin Doha da aka buɗe cikin 2001 da sunan raya ƙasashe matalauta ya shekara fiye da 20 bai kammala ba. Lokacin annobar korona Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a sassauta haƙƙin mallakar magunguna a watan Oktoba na 2020, ba a amsa ba sai Yuni na 2022, shi ma ga allurar rigakafi kaɗai.

Tun watan Maris na 2021 'yar Nijeriya ce, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta hau kujerar shugabancin ƙungiyar, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko, aka kuma sabunta mata wa'adi cikin 2024. A zamaninta aka cim ma yarjejeniyar rage tallafin kamun kifi cikin 2022. Amma shugaban wannan ƙungiya mai shiga tsakani ne kawai, ba ya kafa doka, ba ya naɗa alƙalan kotun ɗaukaka ƙara. Ikon yana hannun ƙasashe.

DADDAWA MA DA WARI

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Janeba ce ta hana masaƙun Kaduna wutar lantarki ba, ba ita ce kuma ta buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri hanya ba. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, wannan kuwa gargaɗi ne ga duk mai ajiyar wake, gama irin waken nan shi ake dafa wa iyali a gida. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa ko shanu daga Maigatari ya san adadin shingayen da zai tsaya ya biya kafin ya ga Ikko.

Haka kuma Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a watan Yuli na 2019, amma a watan Agusta ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sāke rufe iyaka har Maris na 2024, fataken Jibiya da Illela da Maraɗi da Ƙonni suka ɗanɗana kuɗarsu. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi a tsakaninsu bai wuce kimanin kashi 15 cikin 100 na dukan cinikinsu ba, rabon nahiyar a cinikin duniya kuwa kimanin kashi 3 ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

GYARAN DA AKE NEMA

Na farko, a buɗe kotu, a naɗa alƙalai, a rage tsadar shari'a, a kuma sa wanda aka kayar ya biya diyya da kuɗi, domin ƙaramar ƙasa ta amfana da nasararta.

Na biyu, a mai da mudu ɗaya a harkar noma. A soke kason musamman na ƙasashe masu arziki, a fara da auduga kamar yadda aka yi alkawari cikin 2005, a kuma sabunta ma'aunin rumbun gwamnati.

Na uku, a daina hukunta wanda ya sarrafa kayansa. A daidaita fiton ɗanye da na gyararre, a bar wa ƙasashe masu tasowa sararin kare jaririyar masana'anta na wani ƙayyadadden lokaci.

Na huɗu, a bambanta tsakanin masu tasowa. Ba daidai ba ne a ɗora ƙasar da ke ƙera jirage da ƙasar da ke sayar da ɗanyen riɗi a kan sikeli guda don kawai kowaccensu ta kira kanta mai tasowa.

Na biyar, a fito da shawara daga Koren Ɗaki zuwa zaure, Afirka kuma ta je da baki ɗaya. Wannan ba zai yiwu ba sai ta gyara kasuwarta ta gida, ta rage shingaye, ta bar albasar Galmi da goron Shagamu su wuce lafiya.

Mai sauraro zai iya cewa ina ruwan mai tireda da abin da ake yi a Janeba. Amsa ita ce ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da baki, kuma wakilan da aka zaɓa daga mazaɓun Arewa da na Kudu su ne ke amincewa da dokokin da ke bin bayan waɗannan yarjejeniyoyi. Haƙƙin shugabannin kasuwa ne su tambaye su matsayin Nijeriya kan auduga, da fata, da shingayen hanya, su kuma tsaftace nasu kayan don kada a sami abin fakewa. Kakannin mutanen wannan zango sun ratsa daji har Gwanja bisa amana da mudu na gaskiya, ba su nemi sadaka a wurin kowa ba. Jikokinsu ma abin da suke nema ke nan, a auna musu da mudun da ake auna wa kowa.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba ƙasa zaman lafiya, Ya mai da matafiya gida lafiya.